An dakatar min da tallafin naƙasa saboda sakacin jami'i, in kai ƙararsa?

Assalamu alaikum Anti. Ni mai ciwon sikila ce, shekarata 34. Ciwon ya taɓa min ƙashin ƙugu, har likita ya hana ni doguwar tafiya da aikin tsayuwa. Shekara huɗu ke nan ina karɓar tallafin wata-wata da gwamnati ke bai wa masu naƙasa. Bara aka canza min jami'in da ke kula da fayil ɗina, tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. Sau biyu ina kai masa rahoton likita da hannuna, sau biyu yana cewa bai gani ba. In na kira ba ya ɗagawa. Ranar da na lallaɓa na je ofis, sai ya dube ni sama da ƙasa a gaban mutane ya ce, "Ai ga ki nan garau, ku dai kun saba da cin banza." Makon jiya takarda ta zo cewa an dakatar da kuɗina saboda ban kawo shaidar likita ba. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri kar in taɓo shi, tunda fayil ɗina yana hannunsa. Ƙanena kuma ya ce in sa sunansa da hotonsa a Facebook kowa ya gan shi. Ni ina so in kai ƙararsa, amma tsoro nake ji kar in rasa tallafin gaba ɗaya. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sassauta miki.

Maganar da ya faɗa miki ta ɓata min rai ƙwarai, kuma ba na so ki bar ta ta zauna miki a zuciya kamar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Lalacewar ƙashin ƙugu da sikila ke jawowa ba a fuska ake ganinta ba. Jini ne yake kasa isa kan ƙashin cinya, ƙashin ya riƙa mutuwa a hankali, kuma hoton asibiti ne ke nuna hakan, ba kallon sama da ƙasa ba. Ranar da kika iya zuwa ofishinsa ita ce ranar da jikin ya ɗan sake ki. Ranakun da kike kwance kina juyi bai gan su ba. Ba a ɗauke shi aiki don ya auna ciwon mutane da ido ba. An ɗauke shi ne ya karɓi takarda, ya sa ta a fayil, ya bi ƙa'ida.

To amma yanzu ki ɗan ajiye shi a gefe, ki ɗauko takardar da ta zo makon jiya. Ita ce ta fi gaggawa.

Matsala biyu ce a gabanki, kuma mutane da yawa suna yin asara saboda sun haɗe su wuri guda. Akwai hukuncin da aka yanke na dakatar da kuɗinki, akwai kuma halin da jami'in ya nuna miki. Na farko ana ƙalubalantarsa ne ta hanyar neman a sake duba hukunci ko ɗaukaka ƙara. Na biyu shi ake shigar wa ƙorafi. Ofisoshin da ke sauraronsu daban ne, takardunsu daban ne, kuma abin da ya fi muhimmanci, ƙorafi a kan jami'i ba ya tsayar da wa'adin ɗaukaka ƙara. Za ki iya rubuta ƙorafi mai kyau, a same shi da laifi, a ba ki haƙuri a rubuce, sannan a ce miki batun kuɗin kam lokaci ya wuce. Wannan shi ne abin da nake jiye miki, fiye da fushin jami'in.

Don haka ki karanta takardar tun daga kwanan watan da ke samanta har ƙananan rubutun da ke ƙasa ko a bayanta. A nan ake faɗin kwana nawa gare ki da kuma inda za ki kai. Wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kusan ko'ina gajere ne. A Birtaniya wata ɗaya ake bayarwa daga ranar da ke jikin takardar don neman ma'aikatar ayyuka da fansho ta sake duba hukuncinta. A Amurka kwana 60 ne a hukumar tsaron zamantakewa, kuma wanda aka tsayar wa kuɗi bisa cewa ya samu sauƙi, in yana son a ci gaba da biyansa kafin a gama shari'ar, cikin kwana 10 kacal zai nema. A Faransa wata biyu ne. Ke mako guda ya riga ya tafi. Wasu hukumomin suna karɓar takardar da ta makara idan akwai ƙwaƙƙwaran uzuri kamar kwanciya a asibiti, amma wannan alfarma ce ake roƙo, kar ki dogara da ita.

Takardar neman sake duba hukuncin ba ta buƙatar tsawo, ba ta kuma buƙatar ki ambaci wulaƙancin da aka yi miki. Sunanki, lambar fayil ɗinki, kwanan watan takardar dakatarwar, sai ki ce ba ki yarda da hukuncin ba domin kin miƙa rahoton likita sau biyu, a rana kaza da rana kaza, ga kuma kwafinsa kin sake haɗawa. Ki nemi a maido da biyan, a kuma biya ki abin da aka riƙe tun ranar da aka dakatar. Wannan na ƙarshen mutane kan manta da shi, sai a dawo da su kan layi a bar musu watannin baya a wofi. Ki tambaya kuma ko akwai wani tallafin gaggawa ko biyan wucin gadi da ake yi wa wanda ke jiran hukunci. Ba kowace hukuma ke da shi ba, amma masu shi ba safai suke faɗa wa wanda bai tambaya ba.

Yadda za ki miƙa takardar ya kai abin da ke cikinta muhimmanci. Sau biyu kin ba shi rahoto hannu da hannu kin fito ba ki da shaidar komai, shi ya sa "ban gani ba" ta yi aiki. Wannan karon kar ki bi ta teburinsa. Ki kai wurin da ake karɓar wasiƙu na ofishin, da kwafi biyu. A buga hatimi da kwanan wata a kan naki, wanda ya karɓa ya sa hannu ya rubuta sunansa, ki dawo da shi gida. In ta gidan waya za ki aika, ki yi rajistar wasiƙar ki adana rasit. In ta imel ne ko shafin hukumar, ki ɗauki hoton allon da ke nuna an karɓa. Asalin rahoton likita kuwa ya zauna a wurinki, kwafi kawai za ki riƙa bayarwa. Idan asibitin zai iya ba ki 'yar takarda da ke nuna ranar da suka fitar miki da rahoton tun farko, ki karɓa. Ba za ta tabbatar da cewa kin miƙa masa ba, amma za ta nuna rahoton yana hannunki tun kafin a dakatar da kuɗin, kuma duk mai hankali zai tambayi kansa me zai sa ki ɓoye takardar da abincinki ya rataya a kanta.

A cikin wannan makon kuma ki rubuta ki nemi kwafin duk abin da ke cikin fayil ɗinki, har da bayanan da jami'in yake shigarwa a kwamfuta bayan kowace ganawa ko kiran waya. Ƙasashe da dama sun ba mutum wannan haƙƙin a doka. A Tarayyar Turai da Birtaniya dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta ce a amsa irin wannan buƙata cikin wata ɗaya, a Amurka akwai dokar sirrin bayanai ta 1974. Na dage a kan wannan ne domin sau da yawa a cikin fayil ake samun bakin zaren. Wataƙila rahoton yana nan an saka shi ba a shigar ba. Wataƙila an rubuta cewa kin zo ranar kaza, wanda ke gaskata maganarki. Wataƙila kuma ya rubuta cewa kina tafiya lafiya lau, kin ga ke nan kin san abin da likitanki zai mayar wa martani.

Sai batun ƙorafin. Amsata ita ce e, ki shigar. Amma bari in tsaya a kan maganar Mama, domin ba maganar banza ba ce. Ta ga duniya, ta san cewa mai riƙe da takardar mutum yana iya wahalar da shi ba tare da ya karya wata doka a fili ba: ya jinkirta, ya manta, ya ce a dawo gobe. Ba zan yi miki alkawarin cewa ba zai ji haushi ba. Sai dai ki duba inda haƙurin ya kai ki. Shekara guda kina haƙuri, ga shi kuɗin ya tsaya. Abin da Mama ke tsoron ya faru in kin yi magana ya riga ya faru kina shiru. Ƙorafin da aka rubuta aka karɓa da lamba yana canza lissafin, domin daga ranar duk abin da ya same ki a hannunsa akwai kwanan watan da za a auna shi da shi, kuma shugabansa ya san da zancen. Jami'in da ya san ana kallon fayil ɗin ya fi taka-tsantsan a kan wanda ya tabbata babu mai dubawa. Ƙa'idojin aikin gwamnati a wurare da yawa sun haramta ramuwar gayya a kan mai ƙorafi. In ya gwada, wannan sabon laifi ne da ya fi na farko nauyi. Kuma abu na farko da za ki nema a ƙorafin shi ne a cire fayil ɗinki daga hannunsa.

Kafin ki rubuta, ki samu littafi guda ki zauna ki tuno komai bi da bi. Ranar da kika kai rahoto na farko, wajen ƙarfe nawa, wa kika tarar, wa ya raka ki. Kiran da kika yi ba a ɗaga ba suna nan a wayarki da rana da lokaci, ki ɗauki hotonsu kafin su goge. Ranar da ya yi miki maganar nan, su wa ke wurin? In akwai wanda ya ji kuma zai yarda ya faɗa, ki nemi izininsa ki sa sunansa. Inda kika manta ainihin ranar, ki rubuta "wajen tsakiyar watan kaza", kar ki ƙirƙiro rana don takarda ta yi kyau. Kuskure ɗaya irin wannan ya isa a yi amfani da shi a zubar da sauran gaskiyarki.

Wajen rubutun ne za ki yi ta kokawa da zuciyarki, domin za ta so ki rubuta cewa mugu ne, azzalumi, ya tsani masu naƙasa. Mai yiwuwa haka ne, amma mai bincike ba zai iya auna zuciyarsa ba, abin da ya aikata kawai zai iya bincika. Ki kwatanta "jami'in nan ba shi da imani, kullum wulaƙanta ni yake yi" da wannan:

"Ranar kaza, da misalin ƙarfe goma na safe, na miƙa wa jami'in rahoton likitana a ofishinsa, ƙanena yana tare da ni. Ranar kaza ya ce bai gani ba, na sake kawo wani. Ranar kaza, a ɗakin jira, a gaban waɗanda ke zaune, ya ce min: 'Ai ga ki nan garau, ku dai kun saba da cin banza.' Ranar kaza aka dakatar da tallafina bisa dalilin rashin rahoton likita. Tun daga lokacin na kasa sayen magungunana yadda aka rubuta min."

Ta farkon ana iya amsa ta da "ba haka ba ne" a rufe fayil. Ta biyun kowane layi nata tambaya ce da dole wani ya amsa. Ki sa kalmominsa yadda ya faɗe su, kar ki gyara, kar ki ƙara gishiri. Ki faɗi illar da abin ya yi miki a sarari, ta kuɗi da ta lafiya, ba tare da jin kunya ba. Shafi ɗaya ko biyu sun isa, sauran kwafin shaidu ne a baya.

Ki rufe da abin da kike so a yi, domin ƙorafin da bai nemi komai ba, haƙuri kawai ake ba shi. Ki nemi a ba ki wani jami'in, a binciki inda rahotannin biyu suka shiga, a gyara duk bayanin da ba daidai ba a fayil ɗinki, a kuma ba ki amsa a rubuce cikin wa'adin da hukumar ta ɗibar wa kanta. In kina son ya nemi afuwa, ki faɗa, haƙƙinki ne. Abin da ba na ba ki shawara ki nema shi ne a kore shi. Ladabtar da ma'aikaci harka ce tsakaninsa da ma'aikatarsa, galibi ma ba za a gaya miki matakin da aka ɗauka ba, kuma neman korarsa yana sa a karanta takardarki a matsayin ta mai neman fansa, a bar ainihin zancen.

Akwai wani abu da adalci ya sa dole in faɗa. Ɓatan takarda ba lallai ne ya zama da gangan ba. Irin waɗannan jami'an sukan riƙe fayiloli fiye da ƙarfinsu, takarda tana iya salwanta tsakanin tebur da na'urar ɗaukar hoto. Wannan bai wanke shi daga baƙar maganar da ya yi ba, ko kaɗan. Amma shi ya sa na ce ki rubuta "na miƙa, aka ce ba a gani ba" maimakon "ya ɓoye". In sakacin na ofis ne baki ɗaya, kalamanki sun kama ofis ɗin. In nasa ne, bincike zai kai kansa.

Inda za ki kai kuwa, daga ƙasa ake farawa: shugaban sashen da yake aiki, ko sashen karɓar ƙorafi na hukumar in akwai. Ki karɓi lambar ƙorafin, ki tambayi kwana nawa suke ɗauka. Kar ki tsallake wannan matakin don kina ganin duk bakinsu ɗaya, domin hukumomin da ke sama yawanci tambayar farko da za su yi miki ita ce ko kin bi ta cikin gida, in ba ki bi ba su maido ki. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, ko aka yi miki shiru, sai ki wuce wurin mai binciken da ba ya ƙarƙashin hukumar. Irin wannan ofis ya samo asali ne daga Suwidin a 1809, yau kuma ƙasashe da yawa suna da shi da sunaye daban-daban, kuma kyauta ake shigar da ƙorafi. A Najeriya ita ce Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa a 1975, a Ghana hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da adalcin gudanarwa ta 1993, a Faransa ofishin mai kare haƙƙoƙi na 2011. A Birtaniya akwai mai duba ƙorafi mai zaman kansa da ake zuwa wurinsa cikin wata shida bayan amsar ƙarshe ta ma'aikatar, daga nan sai mai binciken majalisa, wanda ta hannun ɗan majalisa ake isa gare shi. Su ma suna da nasu wa'adin, kar ki bari zancen ya kwana da yawa. Ofishin ɗan majalisar mazaɓarki ma ƙofa ce. Wasiƙa ɗaya daga can takan motsa fayil ɗin da ya yi watanni a kwance.

Kar ki ɗauka alfarma kike roƙo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa a watan Disamba na 2006, ta fara aiki a 2008, kuma mafi yawan ƙasashen duniya sun rattaba mata hannu sun amince da ita. Sashe na 28 ya yi magana a kan haƙƙin samun kariyar zamantakewa ba tare da wariya ba. Yarjejeniyar ta kuma ɗora wa hukumomi nauyin yi wa mai naƙasa sassaucin da ya dace da halinsa. Ma'anarsa a wurinki ita ce kina iya neman a riƙa ganawa da ke ta waya a ranakun da ciwo ya tashi, ko a yarda wani ya wakilce ki, ko a daina sa ki dogon layi a tsaye. Ki sa wannan ma a takardar. Idan kuma ya taɓa nuna miki, ko da a kaikaice, cewa sai kin ba da wani abu fayil zai motsa, to wannan ya wuce ƙorafin rashin ladabi, zance ne na hukumar yaƙi da cin hanci ko babban mai binciken ma'aikatar, kuma a kai shi daban.

Shawarar ƙanenki ta Facebook na fahimci inda ta fito, zafin ganin an wulaƙanta yayarsa ne. Amma ki ce masa ya dakata. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta dawowa. Sa sunan mutum da hotonsa tare da zargin da ba ki riga kin tabbatar ba yana iya jawo miki ƙarar ɓata suna, ya mayar da shi wanda aka zalunta, ke kuma ki koma mai kare kanki. Ga shi za ki baje ciwonki da sirrin gidanku a gaban mutanen da ba za su maido miki da ko kwabo ba. Haka nan naɗar muryarsa a ɓoye: wasu wuraren doka ta yarda, wasu kuma, kamar jihar Kalifoniya a Amurka, laifi ne sai da yardar duka ɓangarorin. Hanya mafi aminci ita ce ki je da mutum, ki rubuta abin da aka faɗa nan take, bayan ganawar kuma ki aika gajeren saƙo cewa "yau mun yi magana kaza, kun ce kaza", don ya zama akwai shi a rubuce. In ƙanen naki yana son ya taimaka, ga aiki nan: ya raka ki, ya riƙe littafin, ya yi zirga-zirgar kwafin takardu.

Kar ki ɗauki wannan ɗawainiyar ke kaɗai. Kin fi ni sanin yadda gajiya da damuwa ke tayar da ciwon sikila. Ƙungiyoyin masu naƙasa da na masu sikila sun saba da irin wannan takaddama, sun san jami'an, sun san wace ƙofa ce ke buɗewa, wasu ma suna da masu rakiya. Ofisoshin ba da taimakon lauya kyauta suna karɓar shari'o'in tallafi, kuma ma'aikacin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da kike zuwa zai iya rubuta miki takardar goyon baya. Ki roƙi likitanki kuma, in zai sabunta rahoton, kar ya tsaya ga sunan ciwon kawai; ya bayyana abin da ba kya iya yi, tsawon tafiyar da kike iyawa, daɗewar tsayuwa, da yawan ranakun da ciwon ke kwantar da ke. Masu yanke hukuncin tallafi wannan suke nema.

Duk tsawon lokacin da ake wannan, ki ci gaba da amsa kowace wasiƙa da halartar kowace ganawa da aka kira ki, ko da shi ne zai zauna a gabanki kafin a canza shi. Ki gaishe shi, ki yi abin da ya kawo ki, kar ki tayar da zancen ƙorafin da shi. In ba za ki iya zuwa ba, ki sanar a rubuce kafin ranar. Rashin zuwa sau ɗaya yana iya zama sabon dalilin dakatarwa wanda ba ruwansa da laifin kowa sai naki.

Takardar neman sake duba hukuncin ta fita gobe ko jibi, ta neman kwafin fayil ta bi ta a makon nan, ƙorafin kuma ya biyo baya idan kin gama tattara ranakunki. Ki rubuta a littafin ranar da wa'adin amsarsu zai cika. In ta zo ba ki ji komai ba, ki aika tunatarwa ɗaya mai ɗauke da lambar ƙorafin, ki ba su mako biyu, sannan ki wuce mataki na gaba da kwafin komai. Ki gaida min da Mama, ki karanta mata takardun kafin ki aika don hankalinta ya kwanta, kuma ki sake rubuto min in ji yadda aka yi.